Yadda A Ke Tatso Man Ƙanshi Daga Ganyen Miya Da Na Shayi

Daga Malamin Gona, Birnin Gwari

Kowace mace mai girki ta san cewa in ta jefa ɗaɗɗoya cikin miya tun da fari, ta bar tukunya a buɗe, kafin a sauke ƙanshin duk ya gudu. Maƙwabta su sha ƙanshi, masu gida su ci lami. To, abin nan da ya gudu mai ne, tururi ne kuwa ya ɗauke shi. Darasinmu na wannan mako shi ne yadda a ke tare wannan mai a hanya, a zuba shi cikin kwalba. Masu yin sabulu da alewa da man goge baki da turare da magani duk suna sayensa, mai yawa daga cikinsa kuma daga ƙasashen waje a ke kawo mana.

Zancen ya shafe mu nan Birnin Gwari. Muna da damina mai kyau, tun daga wajen watan Mayu har Oktoba, ga fadamu a bakin kogin Mariga, ga madatsar ruwa ta Bagoma. Ban da haka, kowa ya san shekarun da ɓarayin daji suka raba mutane da gonakinsu na nesa, har kasuwar shanu ta garin nan sai a ƙarshen shekarar 2024 aka sake buɗe ta. Wannan ya koya mana darajar amfanin da a ke shukawa kusa da gida, a ɗan fili kaɗan, wanda kuma kuɗinsa ke shiga cikin kaya marar nauyi. Amma kada kowa ya ruga wurin mai walda tukuna. A karanta har a kai ga lissafi, zama a nan ne maganar ta ke.

Bambancin man ƙanshi da man gyaɗa

Mai iri biyu ne a jikin tsiro. Akwai mai maiƙo, irin man gyaɗa da man kaɗe da man riɗi, wanda a ke samu ta hanyar matsa ko tuya. Akwai kuma man ƙanshi, wanda ba ya zama wuri ɗaya, yana shan iska sai ya bi ta. In kana so ka rarrabe su, ɗiga kowanne a kan farar takarda ka ajiye. Gobe za ka tarar tabon man gyaɗa yana nan daram, na man ƙanshi kuwa ya tashi, ko ya bar ɗan alama kaɗan. Fatake su riƙe wannan gwaji, domin da shi a ke kama mai algus.

Man ƙanshi yana zaune ne cikin waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana ainun. A ɗaɗɗoya da na'a-na'a jakunkunan suna bisa fatar ganye, shi ya sa da ka shafa ganyen sai hannunka ya ɗauki ƙanshi. A ciyawar shayi, wadda waɗansu ke kira lemun-giras, suna cikin ganyen, don haka a kan yayyanka ta. A citta kuwa suna can cikin saiwa, sai an busar an ɓarza.

Ku lura da wani abu. Ƙanshi daban, yaji daban. Abin da ke sa citta da masoro da barkono zafi a baki ba ya bin tururi. Saboda haka man citta da aka tatsa da tururi yana da ƙanshin citta sosai, amma ba shi da yajinta. Barkono kuwa, kada ma ka ɓata itacenka a kansa.

Dabarar ba sabuwa ba ce

Tun ƙarni na 9 na Miladiyya wani masani na Bagadaza, Alkindi, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsarsa, da hanyoyi fiye da 100 a ciki. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma a kan ambace shi wajen tatsar furen wardi. Alhazanmu da suka je Ɗa'ifa sun san man wardinta, wanda a ke dafa furensa cikin tukwanen jan ƙarfe. A garin Kannauj na ƙasar Indiya masu turare suna liƙe bakin tukunyarsu da yumɓu, su ja tururin ta cikin gora zuwa wani tulu da ke zaune cikin ruwan sanyi. A tsibirin Pemba na Zanzibar a kan tatsi man kanumfari. Duk aikin ɗaya ne, girman tukunya ne ya bambanta.

Ga asirin abin. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Man ciyawar shayi kuwa, in shi kaɗai ne, ba ya tafasa sai zafi ya wuce digiri 200, kafin nan ganye ya ƙone ƙurmus. Amma in tururin ruwa ya ratsa ganyen, sai ya fasa jakunkunan nan, ya kwashi man ya tashi da shi, alhali zafin bai wuce na tafasar ruwa ba. In aka sanyaya tururin sai ya koma ruwa, kamar zufar da ke taruwa a murfin tukunya. Da ya ke mai da ruwa ba sa gauraya, sai man ya taso sama a kwashe.

Gwaji na farko, da tukunyar gida

Gani ya kori ji. Ka sami babbar tukunya mai murfi mai doro. Ka ajiye tsabtataccen dutse a tsakiyarta, ka ɗora ɗan kwano a kan dutsen. Ka zuba ganye kewaye da dutsen, ka sa ruwa ya sha kan ganyen, amma kada ya kai kwanon. Sai ka ɗora murfin a birkice, doronsa na kallon kwanon, ka zuba ruwan sanyi cikin murfin. Ka hura wuta kaɗan kaɗan. Duk sa'ad da ruwan murfi ya yi ɗumi ka kwashe ka sake wani. Tururi zai bugi murfin ya koma ruwa, ya gangara ya ɗiga cikin kwanon.

Bayan kamar awa ɗaya ka sauke. Za ka sami ruwa mai ƙanshi, da 'yan idanun mai suna yawo a kansa. Wannan ba na sayarwa ba ne. Amfaninsa ka gani da idonka yadda man ya ke kaɗan, ka kuma gwada ganyayenka ka san wanda ya fi bayarwa.

Hanya ta biyu, madambacin duro

Wannan ita ce hanyar da ta dace da manomi. A gwajin farko ganye yana cikin ruwa, wanda ya taɓa gindin tukunya ya kan ƙone, man ya yi ƙauri. A nan kuwa ganye yana sama, ruwa yana ƙasa, daidai yadda mata ke turara dambu a madambaci. Kayan aikin guda huɗu ne.

Na ɗaya, tukunya. Duro mai cin lita 200 ya isa farawa. A kafa rariyar ƙarfe a cikinsa, kamar taƙi biyu daga gindi. Ruwa a ƙarƙashin rariya, ganye a bisa. Wanda ya fi kyau shi ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na kwanon silba, sa'an nan na alminiyam. Baƙin ƙarfe yana sa mai ya yi duhu, musamman man ɗaɗɗoya mai babban ganye da na kanumfari, mai saye kuwa ya kan rage kuɗi saboda launi. Duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa ko fetur a ciki, kada a kusance shi, ko an wanke sau goma.

Na biyu, murfi da bututu. Murfin ya zauna daram, a liƙe bakinsa da yumɓu ko tsumma da ƙullu, yadda a ke liƙe madambaci. Duk inda ka ji ƙanshi na fita, to, kuɗinka ne ke fita. Daga tsakiyar murfin bututu ya tashi ya karkata zuwa duro na biyu.

Na uku, masanyaya. Duro ne na biyu cike da ruwan sanyi, bututun nan ya shiga cikinsa a naɗe kamar gammo, ya fito ta gindi. A tabbata kowane naɗi yana gangarawa ƙasa, don kada ruwa ya kwanta ciki ya toshe hanya. Ruwan zafi sama ya ke tasowa, saboda haka ta ƙasa a ke shigar da na sanyi, mai zafin ya malala ta sama. In babu famfo, sa mazurari mai dogon bututu wanda ya kai gindin duron, a riƙa zubawa da guga.

Na huɗu, matara. Kwalba ce ko gwangwanin silba mai tsawo, an huda shi kusa da gindi an sa ɗan bututu ya hau sama ya lanƙwasa, kamar bakin butar shayi, amma bai kai tsawon bakin gwangwanin ba. Ruwa zai riƙa fita ta bututun, mai yana taruwa a sama. Man kanumfari shi ne ya saɓa, ya fi ruwa nauyi, ƙasa ya ke kwanciya.

Yankan ganye da cika duro

Rabin aikin a gona ya ke. Ɗaɗɗoya da na'a-na'a an fi samun mansu sa'ad da suka fara fure. Ciyawar shayi a kan yi yankan fari bayan wata 4 zuwa 6 da dasawa, daga nan kuma duk bayan wata 2 ko 3 muddin akwai danshi, a bar kamar rabin taƙi a ƙasa don ta tofo. Tushe ɗaya ya kan yi shekaru yana ba da ganye. Na'a-na'a ba ta jure ƙishi, fadama ko lambu ne wurinta.

A yi yanka ranar da gari ya washe, bayan raɓa ta bushe. A baza ganyen a inuwa ya kwana ɗaya ya yi yaushi, don ruwan jikinsa ya ragu, duro ya ci da yawa. Kada a shanya a rana, rana ɓarauniyar ƙanshi ce. Kada kuma a tara shi tsibi ya yi zafi ya fara ruɓa. A tsince ciyayin da ba nasa ba, kuma kada a gama iri biyu a duro ɗaya. Ko ɗaɗɗoya ma, mai babban ganye daban, mai ƙaramin ganye daban, mansu ba ɗaya ba ne.

Wajen cikawa a riƙa zubawa ana dannawa, musamman gefe gefe. Tururi malalaci ne, inda ya ga kafa nan ya ke bi. In ka bar rami a gefe, ta nan zai wuce, ganyen tsakiya ya fito da mansa a jiki.

Sa'an nan a hura wuta. Da ruwa ya fara ɗigowa a matara, a daidaita wutar ya riƙa zuba siriri ba yankewa. Ka riƙa taɓa abin da ke fitowa. In da sanyi ko ɗan ɗumi, daidai ne. In yana ƙona yatsa ko tururi na fita, masanyaya ta gaza, a ƙara ruwan sanyi a rage wuta. Galibin man ganye a awar farko ya ke fitowa, cikin awa 2 zuwa 3 an gama. Busasshiyar citta kuwa tana cin ninkin wannan sau da yawa. In ka tari ruwan a ɗan gilashi ba ka ga idon mai ba, kashe wuta, abin da ya rage asarar itace ne. Kada a bar ruwan tukunya ya ƙafe. Ruwan ƙanshin da ya fita daga matara a mai da shi tukunya a dahuwa ta gaba, akwai sauran mai a cikinsa.

Manyan masana'antu suna dafa ruwan a wata tukunya dabam, su turo tururin ta bututu. Ya fi sauri, amma kuɗinsa da haɗarinsa sun fi ƙarfin mai farawa.

Sauran hanyoyi a taƙaice

Akwai matsa, wadda ta dace da ɓawon lemo kaɗai. Ka matse ɓawon lemo kusa da ido ka ji yaji, man ne ya fantsamo. A tsaunukan Futa Jalon na ƙasar Gini, zamanin mulkin Faransa, mutanen ƙauye da cokali su ke kankare bayan lemon zaƙi su tara man, har a kai shi Turai.

Akwai jiƙawa cikin mai. A zuba busasshen ganye cikin man gyaɗa ko narkakken man kaɗe, a ɗumama kaɗan, a tace. Abin da a ke samu mai ne mai ƙanshi, na girki ko na shafawa, kada a sayar da shi da sunan tatsattsen mai. Lalle ganyen ya bushe sarai. Ɗanyen ganye ko ɗanyar tafarnuwa da aka bari cikin mai kwana da kwanaki suna iya haifar da guba mai kisa, wadda ba a gane ta da wari.

Akwai kuma wanke garin citta ko barkono da waɗansu ruwayen sinadari, a fitar da wani abu mai kauri da ya haɗa ƙanshi da yaji. Wannan aikin masana'anta ne. Ruwayen suna kama wuta kamar fetur, kada a gwada a gida.

Ajiya da tsaron lafiya

Abokan gaban man ƙanshi huɗu ne: ruwa, iska, haske da zafi. Bayan an kwashe a bar shi ya kwana, ruwan da ya rage ya kwanta, a tsiyaye, a tace da auduga mai tsabta. A zuba cikin kwalba mai duhu, a cika ta har wuya, a toshe, a ajiye a ɗaki mai sanyi. Kada a sa a jarkar roba, man yana cin roba. A rubuta sunan ganye da ranar tatsa a jikin kowace kwalba.

Kada a toshe bakin bututu ko kusa, kada kuma a buɗe murfi sai duro ya huce. Man yana kama wuta, a nisanta matara daga murhu. Ba a shansa. Cokali ɗaya na man ya tara ƙarfin ganye mai yawan gaske, yana iya halaka yaro, don haka a ɓoye shi kamar yadda a ke ɓoye maganin ƙwari. In za a shafa a jiki, ɗigo 1 ko 2 cikin ƙaramin cokali na man kaɗe ya isa.

To, ga lissafi

Kilo 100 na ɗanyar ciyawar shayi ya kan ba da mai gram 200 zuwa 500. Mu ɗauki gram 300, watau kimanin cikin kwalbar lemo ɗaya. Duronmu yana cin kilo 30 zuwa 40, gwargwadon danni. Ke nan sai an dafa sau 3 kafin a cika kwalbar lemo. Mai son lita 10 kuwa sai ya tanadi ganye wajen tan 3, ya hura wuta sau 80 da ɗoriya. Ɗaɗɗoya mai ƙaramin ganye ba ta ma kai haka ba. Busasshiyar citta ta fi, kilo 100 na ba da kilo 1 zuwa 3, amma ita da kanta kuɗi ce a kasuwa. Tun da cuta ta lalata gonakinta a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023, kowa ya ga yadda tsadarta ke iya tashi. Sai ka auna, sayar da ita a buhu ko tatsarta, wanne ya fi.

Wannan lissafi ya nuna mana abu uku. Na farko, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gara manoma goma ko ashirin su yi ƙungiyar gama kai, su kafa babbar tukunya ɗaya kusa da ruwa, kowa ya kawo ganyensa a auna. A nan ne akawu ke da aiki. Ya buɗe littafi, kowace dahuwa ya rubuta nauyin ganye, da awoyin wuta, da damin makamashi, da yawan man da aka samu. Dahuwa goma ta isa ta gaya muku gaskiya.

Na biyu, wuta. Wuta sau 80 ba ƙaramin itace ba ne. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, sare itace a cikinsa laifi ne. Ko a wajensa ma, wanda ya sare kaɗanya ko ɗorawa don ya tatsi kwalbar mai ya sayar da saniya ya sayi ƙwarya. Muna da karan dawa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Ganyen da aka gama tatsa ma in ya bushe yana ci da wuta, saura a mai da shi gona taki. A gina murhu rufaffe da laka, mai mafitar hayaƙi, ya fi duwatsu uku tsimin wuta nesa ba kusa ba.

Na uku, mai saye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka shuka kadada guda, tatsi 'yar kwalba ka kai wa masu sabulu da masu haɗa turare a Kaduna ko Kano, ka ji irin da su ke so, da yawan da za su ɗauka, da kuɗin da za su biya. Manyan masu saye sai sun kai ɗakin gwaji. A man ciyawar shayi suna neman sinadarin da ke ba shi ƙanshin lemun tsami, wanda a ke kira sitiral, ya kai kashi 70 ko 75 cikin 100. Wanda ya zuba kananzir ko man gyaɗa don ya ƙara auki za a gane, ya ɓata sunansa da na garinsu. Mai niyyar ɗurawa a kwalba da tambari ya sayar wa jama'a kuwa, sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Shawarata ita ce, bana kowa ya ware kunya biyar ko shida a bayan gida ko a lambu, ya dasa ciyawar shayi da ɗaɗɗoya da na'a-na'a. A yi gwajin tukunya, a haɗa kuɗi a ƙera duro ɗaya, a rubuta lissafi. In ya biya, baɗi a faɗaɗa. In bai biya ba, ba a yi asara ba, masu shayi da masu miya suna sayen ganyen ɗanye da busasshe.

Mai tambaya ya rubuto ta hannun Edita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda a ke raba tushen ciyawar shayi a dasa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.